Safiyar da Baba Uku Ya Ba Maigadi Katinsa

Assalamu alaikum.

Shugaban kamfani, ranka ya daɗe. Manaja da shugabannin sassa, likitocin da suka bar aiki suka zo, Hajiya maiɗakin marigayi, Yaya Babba, babban ɗan marigayi, da ƙannenka, abokan aiki, sannunmu da haƙuri.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Aikina a ɗakin na'urori shi ne in cire faifan da ya mutu in sa sabo, in ja waya, in ɗaure. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Wata safiya, dab da kwanciyarsa ta ƙarshe, na hau bene na tarar da shi a kan bencin da ke bakin ɗakin na'urori, lemo a hannunsa bai ɓare ba. A ciki ƙararrawa tana ta kuka, wayar ofis ba ta huta ba, shi kuwa yana zaune kamar mai jiran mota. Wannan zaman aka yi ta yamiɗiɗi da shi, har maganar ta kai gida. Yaya Babba, ranar da muka zo gaisuwa ka ja ni gefe ka ce, "Tsakaninka da Allah, gaskiya ne Baba ya yi fushi ya naɗe hannu aiki yana lalacewa?" Na ce ka bari sai a gaban mutane. To, yau ga mutane.

Bari in fara da aikin, don 'yan gida su gane. Hotunan da asibitoci ke ɗauka, na ƙashi da na ƙirji da na ciki, a wurinmu ake ajiye su. Ana yanka kowane hoto gutsi-gutsi, kowane gutsure a yi masa kwafi uku, a raba wa na'urori daban-daban, don in ɗaya ta mutu a samu a wurin 'yan'uwanta. Daga nan ya samo sunan Baba Uku. Akwai kuma na'urar da muke kira Jagora, ita ta san inda kowane gutsure yake, da Mataimakiya da ke jiran ranar da Jagora za ta faɗi.

Ya kasance duk ranar Litinin sai ya zagaya, ya zaɓi na'ura mai lafiya ƙalau, ya fizge wayarta. Mu ce, "Haba Baba, me ta yi maka?" Ya ce, "Ba ta yi komai ba. So nake in ga ko 'yan'uwanta suna da zumunci."

Ya kasance ba ya saurin yanke wa na'ura hukuncin mutuwa. In ta yi shiru sai ya ce a duba waya tukuna, wataƙila saki ta yi.

Ya kasance kuma ba ya yarda da wadda ta farfaɗo. Yakan ce, "Ta yi barci an wuce ta. Labarin jiya ne a bakinta, kar ku karɓa sai an gwada da na sauran."

Ba zan ɓoye ba, mun gaji da shi. Mun gaji da Litinin, mun gaji da sanyin ɗakin nan mai shiga ƙashi. Shi ma ya gaji, a hawan benensa muke gani. Wata rana Ƙaramar Injiniya, wadda ke ƙarƙashinsa, ta ce masa cikin raha, "Baba, komai kwafi uku, kai ina naka?" Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

A safiyar nan Jagora ce da kanta ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Mataimakiya ta fara karɓa ta maƙale a hanya. Wannan gyaran kuwa, tun da aka kafa wurin, hannunsa kaɗai ke yin sa. Da ya iso, in ji Maigadi, sai ya buga wa asibitin da ke ta kira, ya tambayi likita har yaushe za su iya jira ba tare da an cutar da kowa ba. Aka ce zuwa azahar. Sai ya zare katin da ke buɗe ƙofar ɗakin daga wuyansa, ya miƙa wa Maigadi. Ya ce, "Riƙe. Ko na haɗa ka da Allah kar ka ba ni, sai in azahar ta matso ƙararrawa ba ta yi shiru ba."

Ƙaramar Injiniya ta fito idonta ja. Ta ce, "Baba, don Allah ka tashi, yau fa ba Litinin ba ce!"

Ya ce, "Ranar da za ki neme ni ki rasa ma ba Litinin ba ce. Koma, kin san hanya."

Ta koma, na bi ta. Tana ta fama, ina riƙe mata fitila a bayan na'urori, har Mataimakiya ta kama aiki. Kwatsam sai fitilun Jagora suka kawo. Ni da ban san komai ba har na yi hamdala da ƙarfi. Ashe nan haɗarin yake: shugaba biyu a ɗaki ɗaya, kowa na ba da umarni, hotunan mutane su cuɗe, ba a san na gaskiya ba.

Na waiga. Ta gilashin ƙofa na hango shi ya miƙe ya nufi Maigadi. Daga baya Maigadi ya ba mu labarin yadda suka yi.

"Ba ni katin."

"Kai ka ce kar in ba ka."

"Ni ne kuma nake cewa ka ba ni."

"Ranka ya daɗe, na ɗazu ya fi ka natsuwa, shi zan bi."

Sai ya dawo ya jingina goshinsa da gilashi, bai ƙwanƙwasa ba. Ƙaramar Injiniya ba ta ma gan shi ba. Ta daɗe tana kallon Jagora, sannan ta ce mini, "Cire wayarta. Labarin jiya ne a bakinta." Na cire.

Ƙararrawa ta yi shiru tun azahar ba ta yi ba. Da na fito na same shi a kan benci, lemon ya fashe a hannunsa, ruwan ya jiƙa masa hannun riga. Ɗaya hannun yana dafe da ƙasan haƙarƙarinsa. Bai ce mana sannu ba. Ya ce a kira masa mota.

Hajiya, ke kin san abin da mu ba mu sani ba a ranar. Sai da na je duba shi a gadon asibiti ya ce mini, "Ai hotona ma yana cikin na'urorin nan, kwafi uku. Na gan shi tun kafin safiyar, na san ciwon ba na tashi ba ne."

Yaya Babba, wannan ita ce amsarka. Mahaifinku bai naɗe hannu don fushi ba. A shekarun da na yi ina kallonsa yana aiki, ban ga wanda ya ba shi wuya kamar zaman bencin nan ba. Makon da ya rasu Jagora ta sake faɗuwa, Ƙaramar Injiniya ta tashe ta, ba likitan da ya ma sani.

Mun gode muku da kuka ba mu aron shi tsawon shekarun nan, kuka karɓi ragowar gajiyarsa kullum ba ku yi ƙorafi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya hutar da shi hutun da bai samu a nan ba. Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.

Wanda kuma ya sake kawo muku wancan zance, kar ku ce ni kaɗai na faɗa. Ga Maigadi can a bakin ƙofa, har yau katin yana aljihunsa, ba wanda ya zo karɓa. Ga Inna mai shara a layin baya, ita ta goge ruwan lemon. Ga mai gyaran na'urar sanyi, yana kan tsani a wurin tun farko har ƙarshe. Ku tambaye su.