Yadda Na Sake Ɗaukar Jakar Wasiƙu

Salama a gare ku, 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu! Ku dube ni da kyau. Mutumin nan da ke tsaye a gabanku, da daminar bara a kan tabarma ake juya shi kamar jinjiri.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Bulus, masinja ne ni a ofishin Bature. Aikina gudu. In jirgin ƙasa ya sauke wasiƙu a tasha, ni ake rataya wa jaka, in kama hanyar Giwa a ƙafa. Shekara bakwai ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa riga ni isa.

Zan faɗi gaskiya a kaina, ko da akwai kunya. Girman kai ya cika ni. In na ga wani masinja yana ɗingishi, dariya nake masa. Kuma tun kafin a yi mini baftisma akwai gurun da wani boka ya ɗinka mini, wai don kada ƙafata ta gaji. Aka yi mini baftisma, ban cire shi ba. Ina zaune a nan ran Lahadi, ina rera waƙa da ƙarfi, gurun yana ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin riga.

Wata rana da safe na iso wani rafi, ruwa ya ƙaru. Maimakon in ratsa a hankali, sai na daka tsalle da jaka a kafaɗa. Dutsen da na dira a kai duk gansakuka. Santsi ya kwashe ni, na faɗi a kan kwankwasona, gwiwata ta bugi dutse.

Na tashi, na kai wasiƙun, na dawo. Ban gaya wa kowa ba. Mako uku ina gudu a kan ciwon, ina cije baki, don kada a ce Bulus ya gaza. Sai ranar da na yunƙura zan tashi daga shimfiɗa, ƙafar dama ta ƙi. Wani zafi ya taso daga kwankwaso ya sauka har diddige, kamar an soka mini ƙarfe daga wuta.

Wayyo, 'yan'uwa! Ba abin da ban gwada ba. Wanzami ya yi mini ƙaho, ya tsattsaga mini baya. A ɗakin magani na mishan disfensa, wato mai ba da magani, ya ɗaure mini gwiwa, kumburin ya fara sauka, amma kwankwaso yana nan. A ɓoye kuma na aika wa bokan nan. Ya ce jifa ne, wai abokin aikina Audu ne ya yi mini don yana ƙyashina. Na yarda! Audu ya zo gaishe ni har sau biyu, na juya fuskata bango.

Hedimasinja, wato shugaban masinjoji, ya zo gidanmu nan Tudun Wada, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Bulus, Bature yana tambayarka. Zan riƙe maka gurbinka har a gama yankan dawa. In ba ka tashi ba, jakar ta zama ta wani." Na dubi 'ya'yana mata biyu suna wasa a tsakar gida. Ban da gudu ban iya wata sana'a ba, ko gona ba ni da ita.

Matata Rahila ce ke yi mini wanka. Kullum nakan cire gurun in tura ƙarƙashin tabarma kafin ta kawo ruwa. Ran nan na manta. Ta ɗaga rigata, hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Maigida, mene ne wannan?"

Na kau da kaina gefe.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ƙwaryar ruwan, hawaye na zuba, ta ce, "Ashe duk addu'ar da nake yi, kai wani wuri ka dogara."

Maganar nan ta fi ciwon yi mini zafi. Na ce ta kira mini Malam Yohanna, malaminmu na majami'a, ga shi nan zaune. Ya zo da la'asar. Na faɗa masa komai, har zancen Audu. Da hannuna na yanke gurun, Rahila ta jefa shi a murhu. Na kasa durƙusawa, sai a kwance na yi addu'a, na ce, "Ya Yesu, na yi taƙama da ƙafafun da ba ni na yi su ba. Ka gafarta mini. In ka tashe ni, na gode. In ba ka tashe ni ba, ni naka ne duk da haka."

Ban tashi a ranar ba. Amma nauyin da ke ƙirjina ya sauka, na ji kamar an buɗe taga a ɗakin.

Bayan kwana biyu Rahila ta ce ta ji labarin wani tsoho maɗori a bayan kasuwa, Baba Tanimu, wanda ke gyara targaɗe da gocewar ƙashi. Na ce, "Shekaranjiya na ƙona guru, yau kuma in tafi wurin mai tofi?" Cikinku ma an rabu biyu, kun tuna. Wasu suka ce kada in je. Malam Yohanna ya ce, "Wanda ya halicci ƙashi shi ke ba mutum sanin yadda yake zaune. Je ka gaya masa ko kai wane ne, ka ji abin da zai ce."

A kan jaki aka kai ni. Na gaishe shi na ce, "Baba, ni mai bin Almasihu ne. Ba na son tofi, ba na son rubutu."

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai yi addu'arka, ni in yi bisimillata. Sauran aikin hannu ne."

Bai yi gaggawa ba. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya gwada diddigena biyu, ya bi gadon bayana da babban yatsa gaɓa gaɓa. Ya mintsini tafin ƙafata ya tambaya ko na ji. Na ce na ji. Ya ce, "Madalla. Da ƙafar ta mutu, ko da akwai zazzaɓi, ba zan taɓa ka ba, wurin likita zan tura ka. Naka ba karaya ba ce. Kwankwason ne ya ɗaure, jijiya ta matsu."

Ya ɗumama man kaɗe, ya yi ta murza wurin har naman ya saki. Sannan ya juya ni gefe, ya lanƙwasa gwiwata, ya dafa kafaɗata, ya danna sau ɗaya. Na ji ƙas! Na ƙwala ihu, "Yesu!"

Ya ce, "Tashi."

'Yan'uwa, na tashi! Na taka ƙasa da ƙafar da ta yi wata biyu ba ta ɗauke ni ba! Halleluya! Rahila ta rangaɗa guɗa a zauren mutane, ta manta inda take.

Baba Tanimu ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ku yi saurin murna, rabin aiki ke nan. Kwana arba'in ba gudu. Ka riƙa zuwa Litinin da Alhamis. Ka yi tafiya a hankali safe da yamma. Gwiwar nan kuwa ba aikina ba ce, ka koma wurin disfensa. Jakar kuma ka daina rataya ta a kafaɗa ɗaya, ka goya ta."

Kun san halina. Kwana goma na ji garau, sai na ce bari in gwada. Na ruga har unguwar Hanwa don mutane su gani. Da rarrafe na shiga gida. Da aka mayar da ni, tsohon ya ɓata rai ya ce, "Ƙashi nake gyarawa, ba na gyara taurin kai. Mun koma kwana na ɗaya." Na sake tuba, na ƙirga arba'in ɗin nan daga farko, ban tsallake ko ɗaya ba.

Ana gama yankan dawa na tafi ofis. Hedimasinja ya ce, "Ka san abin da ya sa gurbinka bai tafi ba? Audu ne ke gudun hanyarka a kan tasa tun da ka kwanta." Audun da na zarga! Na je na durƙusa a gaban Audu na nemi gafara. Ya ɗaga ni ya ce, "Haba Bulus, tashi, karɓi jakarka, ni ma ƙafafuna sun gaji."

Na goya jakar, na kama hanyar Giwa da hantsi. Da fari ina tsoro, ina sauraron kwankwasona a kowane taku. Shiru! Na ƙara sauri. Shiru! Na wuce masu jakuna, na wuce mata masu tallan nono, ina gudu ina kuka ina yabon Ubangiji da babbar murya. Kafin la'asar na miƙa wasiƙun. Washegari na dawo da ƙafafuna, Rahila na tsaye a ƙofar gida tana jira.

Masinjoji suna tambayata ko zuwa wurin maɗori yana da amfani. Ina ce musu yana da shi, in maɗorin mai gaskiya ne, wanda ya san abin da zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa, in kuma kai za ka yi haƙurin hutawa. Har yanzu in sanyi ya yi wurin yakan ɗan motsa, sai in je ya murza mini, in rage gudu kwana biyu.

Na gode wa Allah saboda Rahila, da Malam Yohanna, da hannun Baba Tanimu, da Audu, da ku da kuka yi ta kawo mana tuwo da addu'a. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai ciwon da kake ɓoyewa, ko wani abin da ka ɗaura ka dogara gare shi, kada ka jira sai ka faɗi kamar ni. Kawo shi gaban Yesu yau, ka dogara gare shi, shi ya san hanyar da zai bi ya tashe ka.

Yabo ya tabbata ga sunansa! Ku tashi mu rera waƙa, ni ma yau a tsaye zan rera ta. Amin!