Usaina Ta Wuce Hassan a Jikin Rumbu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman tagwaye ce daga Tsiga.

Hassan da Usaina shekarunsu goma sha uku. Tun ranar da Hassan ya ci ƙwallo ɗaya a filin firamare, babansu ya rantse sai yaron ya buga a Turai. Kullum da safe ya hau babur, Hassan na binsa da gudu har gona. Da yamma a ɗora masa rabin buhun masara. Tuwo ma aka rage, wai kada ya yi tumbi.

Da gawayi muke auna tsawonsu a jikin rumbu. Bana zanen Hassan bai motsa ba, Usaina mai ci ta kwanta kuwa ta wuce shi da yatsu huɗu.

Muka je asibiti a Malumfashi, likita ya ce, "Alhaji, ba abinci, ba hutu, da me yaron zai girma?"

Hassan ya samu lafiya yanzu. Amma Malam, a ba ni shawara. Jiya na ji babansu yana kallon Usaina yana cewa, "Ashe gola muka haifa!"

Makullin babur dai yana cikin tukunyata.