Tsanin da Ba Shi da Cibiya

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, dattawan ƙungiyar masu aikin wayar wuta da masu fenti, iyayenmu mata, matan ma'aikata da suka baro girki suka zo, da sauran jama'ar da suka cika wannan ɗaki har bakin ƙofa, ina gaishe ku.

Na gode da aka ba ni dama, ko da yake ban zo da labari mai daɗi ba. Ni mai gwajin kaya ce a masana'antar da ke zuba gaɓar robar da tsaninku ke naɗewa a kanta. A teburina aka ajiye gaɓar da ta karye da Kullum-Sama, mai fentin nan da kuka sani, wanda ya yi shekaru yana hawa, yau kuwa sai an juya shi a gado.

Da farko, ku san abin da kuke takawa. Robar nan ba zalla ba ce, an cakuɗa ta da zaren gilas, ƙanana kamar gashin gira. Ana narkar da ita, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, zaren kuma ya kwanta ta inda robar ta bi. Idan nauyi ya bi tsawon zaren, gaɓar ta ɗauki ƙato da bokitinsa. Idan ya zo masa a gicciye, sai ta tsage kamar itacen da gatari ya samu a kan jijiya.

Na biyu, tsohuwar gaɓa ta ƙofa ɗaya robar ke shiga mazubinta, shi ya sa take da ɗan tabo a fuska, wanda kuke kira cibiya. Masu saye suka ce tabon muni ne, 'yan kasuwa suka ce ba ya sayuwa. Don a ɓoye shi, sai aka mai da ƙofar biyu, ɗaya a kowane gefe. Robar ta taho daga dama, ta taho daga hagu, ta haɗu a tsakiya, kuma a wannan layin zaren duk ya kwanta gefe da gefe, babu mai tsallakawa ya riƙe ɗan'uwansa. Nan ne kuma, wallahi nan ne, nauyinku yake sauka. Ba ta ƙara, ba ta lanƙwasa ta yi gargaɗi, ɓallewa kawai take yi. Duk wannan saboda kyan fuska!

Na uku, masana'anta ta amince za ta musanya, amma sai an sake mazubi, kuma zai ɗauki lokaci. Na san abin da hakan ke nufi ga wanda tsani ne abincinsa. Ƙanena, autanmu, mai aikin waya ne, tare muka shigo ɗakin nan. Jiya na je gidansa na tarar ya tura tsaninsa mai sabuwar gaɓa bayan tankin ruwa ya rufe da buhu. Na ce, “Auta, ba ni.” Ya ce, “Haba Yaya, ke da injinanku! Na shafa gaɓar, na ƙwanƙwasa, lafiyarta lau. In na ba ki, yaran nan su ci gilas ɗin?” Na ce masa ta Kullum-Sama ma lafiyarta lau a ido. Ya yi dariya, ya ce shi ba shi da nauyi.

Ni na goya yaron nan, jama'a, kuma tsoro nake ji. Ina roƙonku, ku duba tsaninku: mai cibiya a hau, mai santsi mara cibiya a kawo masana'anta. Ina roƙon masu tsohon tsani su ara wa marasa shi, ko da karɓa-karɓa ne. Ina roƙon matan gida, ku da kuka san maɓoyar komai, ku fito da duk tsanin da aka ɓoye.

Auta, kai ma ina... Shugaba, ka yi haƙuri, ga kujerarsa can ba kowa. Matarsa na yi mini nuni wai an kira shi aiki, ya tafi.

Allah Ya ba Kullum-Sama sauƙi, Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Allah Ya sauko da duk wanda ke sama a yanzu da ƙafafunsa. Wanda ke da lambar Auta, don Allah ya kira shi, ni ba zai ɗauka ba.

Na gode.