Na Ji Kunyar Riƙe Tsintsiya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya san abin da na yi, bai kuwa yashe ni ba.

Ni ɗan maƙera ne. Bayan samun 'yancin kai da kaɗan na bar aikin jirgin ƙasa, na dawo Dutsin-Ma da wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe. Na kafa shi a zaure, injin niƙa yana jan shi da bel. In yana ci, ɓarɓashin ƙarfe yake zubarwa, masu kaifi kamar ƙaya.

Ƙa'ida ita ce a kashe injin a share. Ni kuwa ina ganin namiji da tsintsiya abin dariya ne. Sai in ɗauki zugazugin mahaifina in hure ɓarɓashin ta ƙofar cikin gida.

Matata Saratu ta sha yi mini magana. "Maigida, jiya ma na tsinci ƙarfe a tsakin kaji. In kunyar tsintsiya kake ji, kashe abin ni in share."

Na ce, "Ki ji da tukunyarki."

Ran nan ina cikin zuga, sai Saratu ta ɗaga asabarin ƙofar, ta kawo mini fura. Ƙwaryar ta faɗi. Ta dafe idonta na dama, ta durƙusa.

Na kira Iya Kande, tsohuwar maƙwabciyarmu mai cire tsakuwa daga ido da harshe. Ta lasa sau biyu, ta tofar da jini. Ta ce, "Ɗana, wannan ba ƙasa ba ce. Ya kafe. In na ƙara, idon zai tsiyaye."

Malamin asibiti ya tafi Kurfi, ruwa ya cinye hanya. Idon yana kumbura ina kallo.

Na durƙusa a kan ɓarɓashin, yana huda mini gwiwa. Na ce, "Ubangiji, girman kan nawa ne. Kada ka bari ta ɗauke shi a idonta."

Ina buɗe ido na ga mayen ƙarfen da na cire daga wani mataccen inji, ɓarɓashi ya manne masa kamar gemu. Na wanke shi. Iya Kande ta buɗe fatar idon. Na kai mayen kusa da idon, ban taɓa ba. Saratu ta ja numfashi.

Ga ɗan ƙarfen a bakin mayen, bai kai ƙwayar gero ba!

Idon ya tsira, amma da farin tabo har yau. Ga ta can a benci na biyu. Ba ta taɓa yi mini gori ba.

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, ku kuma saurari wanda ya aiko ya gargaɗe ku. Ni dai washegari na je kasuwa na sayi tsintsiya, na ratsa gari da ita a hannu.