Bangon Mai Alli

Assalamu alaikum. Mai girma kansila, malamanmu da dattawan unguwa, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, 'yan ƙungiya maza da mata, sannunmu da haƙuri.

Ku yi mini uzuri in kun ga bakina ya ƙi rufuwa don murmushi a ranar jimami. Shekaranjiya aka haifa mini jika ta fari a ƙaramin asibitin ƙarshen layi, wanda marigayi telanmu Mai Alli ya shekara tara yana wa 'yan takara naci a kansa.

Ya kasance mai bin mu gida-gida har sai da kowa ya yanki katin zaɓe. Ya kasance duk ɗan takarar da ya shigo shagonsa, sai ya zaunar da shi a benci ya ce, "Faɗi, ranka ya daɗe, ina rubutawa." Da allin ɗinki yake rubuta alkawarin a bangon cikin shagon, har da kwanan wata, kuma ba a gogewa sai an cika. Ni da furfurata ya tura ni ajin yamma na yaƙi da jahilci. Na ce, "Tela, in kai karatu ina?" Ya ce, "Bango, Baba. In na mutu wa zai karanta musu?"

Da bangon nan muka kayar da kansila biyu, muka zaɓi na uku, ga shi nan zaune. Alkawari goma sha ɗaya ya yi mana. An goge uku.

To, jiya da hantsi sai ga galan huɗu na fenti a ƙofar shagon, wai daga ofishin kansila, don girmama marigayi. Mun gode. Amma tun bara rufin ke yoyo, ba wanda ya aiko da kwano ko ɗaya. Na tambayi mai fentin, ya ce an ce ya fara da ciki. Ban ce kowa na da mugun nufi ba. Tambaya kawai nake, marigayi ne ya koya mana.

Uwargida, ƙanwata, makullin shagon yana hannunki. Don Allah kada ki ba kowa, ko da ni ne.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar muna nan a taron ƙungiya kamar kullum, bencin ma yana nan. Ka cika takwas ɗin, ni da kaina zan riƙe maka buroshi.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Mai Alli, Ya goge masa kurakuransa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Jikata kuwa Allah Ya raya ta, ta girma ta tarar babu sauran abin karantawa a bangon nan. Amin.