Rodin Bayan Asibiti

Ina ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti, kusa da ni wata dattijuwa da 'yarta mai tsohon ciki, sai ga mai gyaran wuta ya zauna yana share gumi.

Dattijuwar ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai gyaran? Tun safe muke jiran hoton ciki. Likita ya ce sai ya ga kwanciyar yaron, na'urar kuma wai fushi take."

"Ba fushi ba ne, Baba. Duk wanda ya taɓa ta sai ta ja shi. Likitan ma ya yi rawar da bai shirya ba."

"To ka lallashe ta mana."

"Lafiyarta ƙalau. Akwai rodin jan ƙarfe da ake kafawa a bayan gini, a ɗaura masa waya, in wuta ta yi hauka ta bi ta nan ta shige ƙasa. Wani marar aikin yi ya tumɓuke shi."

"Marar aikin yi kuma? Wataƙila mutum ya ga ƙarfe a banza a bakin katangarsa, ya ce bari ya yi amfani."

"Amfanin me?"

"Ina na sani? In an wanke shi aka mayar, zai yi?"

"A wanke me?"

"Ai ka san halin akuya, inda aka ɗaure ta nan take komai."

"Baba, ni ban ambaci akuya ba."

Dattijuwa ta miƙe tana gyara mayafi. "Riƙe min layi, ɗan nan. Gidan ba nisa."