Yatsun Masu Ƙuli-ƙuli

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni ce Nana Hadiza daga Magaria. Wannan ce wasiƙata ta farko, don Allah kada a yi mini dariya.

Yayata Rabi ta fara aiki a wani ƙaramin kamfani mai ba da shawara kan na'urori. Ni da nake karanta littattafan soyayya, na ɗauka biro ne, wato ofis, mai sanyi da shugaba kyakkyawa. Ashe hawan moto ne da shan rana!

Lokacin hutu ta tafi da ni garin Bande, inda take koya wa mata masu ƙuli-ƙuli aiki da tabilet. Watan gwajinta ne, idan matan suka ƙi na'urar, aikin ya tafi. Duk wadda ta taɓa gilashin, sai ya ƙi motsi. Shugabarsu, Inna Laure, ta ce, "Rabi, abin nan naki ya raina mu, 'yan birni yake so!"

Yaya ta yi ta jujjuya tabilet ɗin. Ni kuwa na san ciwon, don ina karatu a salula ina tuya. Da kyar na raɗa mata, "Yaya, man gyaɗa ne a yatsunsu."

Aka kawo sabulu da tsumma. Inna Laure ta wanke hannu ta taɓa gilashin, ya buɗe, ta rangaɗa guɗa.

An bar Yaya a aikinta. Yanzu irin aikinta nake mafarkin yi, Malam. Me zan karanta in na gama kwaleji? Ina gaida Inna Laure da yatsunta.